Tsabtar Ɗakin Jirgi A Kan Binuwai

Ran Asabar ɗin da ta wuce, muna cikin gyaran ɗakunan kwana domin zagayen dubawa, sai na ga wani abokina ya tattara shara ya tura ta ƙarƙashin akwati, ya jawo tabarma ya rufe. Mai dubawa ya zo ya wuce bai gani ba, muka yi ta dariya. Amma abin ya tuna mini da wani ɗaki inda ni ma na taɓa yin irin wannan dabara, har ta kusa jawo mana hasara mai girma. Ɗakin nan cikin jirgin ruwa ya ke, watau jirgin kawuna, wanda na yi wa aiki hutu uku tsakanin Ibi da Makurɗi. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu a kwalejin nan mutanen tudu ne, kuma ba mu san inda za a tura mu koyarwa ba, na ga ya kamata in bayyana yadda a ke kula da irin wannan ɗaki, da dalilin kowane aiki.

Jirgin na katako ne, tsawonsa wajen mita 18, da injin fetur a bayansa. Daga Ibi mu kan ɗauki doya da riɗi da shinkafa da bandar kifi, mu sauke a kwatar Wadata, watau inda jirage ke tsayawa a Makurɗi. Da komowa kuwa sai gishiri da siminti da takin zamani. Ɗakin yana wajen baya, rufinsa kwano, bangonsa rabi katako rabi tamfol, da asabari a bakin ƙofa. A ciki akwai gadon katako, da akwatin kawu, da tukwane, da kurfoti. Daɓen ɗakin alluna ne da aka jera bisa haƙarƙarin jirgi. Ba a kafe su da ƙusa ba, da gangan, domin a riƙa ɗaga su. Tsakanin allunan nan da gindin jirgi akwai sarari kamar taƙi ɗaya, wuri mai duhu da laima. To, mai karatu, ka riƙe wurin nan a zuciyarka, gama yawancin maganarmu a kansa ta ke.

Aikin farko da asuba shi ne kwalfe ruwa. Babu jirgin katakon da ba ya shan ruwa ko kaɗan. Abin lura shi ne yawan ruwan. Saboda haka kawu bai yarda a kwalfe da ka ba, sai an ƙidaya. Muna da wata jarka da aka yanke bakinta, da ita kullum a ke kwalfewa. In jiya jarka 10 aka fitar, yau kuma 25, ga shi ba a yi ruwan sama ba, lalle wani wuri ya buɗe cikin dare, ba za a ɗora ko buhu ɗaya ba sai an same shi. Har launin ruwan a kan duba. Ruwa garau na sama ne, laifin rufi ke nan. Mai laka na kogi ne, laifin jikin jirgi. In kuwa ka ga wani ƙyalli mai launi-launi yana yawo bisa ruwan, mai ne ya tsiyaya, za mu zo kan wannan a gaba.

Ga wani lissafi da za ku iya ba 'yan firamare. A ce ruwa ya kwanta ƙarƙashin daɓe, tsawon mita 10, faɗin mita 2, zurfin santimita 10 kaɗai. Wannan lita 2,000 ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau jirgin yana ɗauke da nauyin buhun siminti 40 wanda ba wanda ya biya kuɗin dakonsa. Har gara siminti, gama buhu inda aka ajiye shi nan ya ke zama. Ruwa kuwa da jirgi ya ɗan karkata sai dukansa ya ruga wannan gefe, ya ƙara danne shi. Jirgin da ya kamata ya karkata ya komo daidai, sai ya karkata ya zarce.

Bayan kwalfewa sai shara. A kan fara daga sama: a kakkaɓe yanar gizo da ƙurar rufi, a naɗe tamfol, a fitar da tabarmi da katifa a shanya bisa kwano. Kana a ɗaga alluna ɗaya ɗaya a share ƙarƙashinsu da guntuwar tsintsiya. A gindin kowane haƙarƙari masassaƙi ya bar wata 'yar kafa, domin ruwa ya riƙa bi yana gangarawa wuri ɗaya inda za a kwalfe shi. Ƙwayar riɗi da ɓawon kifi da laka su kan toshe kafofin nan. Da sun toshe, kowane tsakanin haƙarƙari ya zama ɗan tafki mai zaman kansa, kana kwalfewa a baya kana murna jirgi ya bushe, alhali ƙarƙashin gado ruwa na kwance kwana da kwanaki. Da wata waya mai lanƙwasa mu ke zungure su.

Me ya sa ruwan kwance ya ke da illa haka, tun da jirgi cikin ruwa ya ke kwana ya tashi? Na yi wa kawu wannan tambaya, ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin jirgi ya ruɓe daga waje?" Amsar cikakkiya sai a ajin kimiyya na same ta. Abin da ke ruɓar da katako wani irin tsiro ne dangin fumfuna, wanda ido ba ya ganin irinsa. Yana bukatar abu uku: laima, da iska, da ɗumi. Katakon da ya bushe, wanda laimarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, tsiron nan ba ya cinsa. Katakon da ya nutse sarai cikin ruwa shi ma ya kan daɗe ƙwarai, gama iska ba ta isa gare shi. Wanda ke shan wuya shi ne na tsakani, mai jiƙewa ba ya bushewa, ga iska kaɗan, ga zafi. Ba inda ya cika sharuɗɗan nan kamar ƙarƙashin daɓen ɗakin jirgi. Laka da hatsin da ya zube kuwa kamar jiƙaƙƙen tsumma su ke, suna riƙe laima jikin katako dare da rana.

Wani abin mamaki, ruwan daɗi ya fi ruwan teku saurin ruɓar da jirgi, domin gishiri yana hana tsiron nan yaɗuwa. Masu sassaƙa jiragen teku na dā a Turai da Amurka har gishiri su kan zuba tsakanin katakai saboda haka. Mu a Binuwai ba mu da wannan gata. Kada kuwa wani ya ce zai kwaikwaye su, gama ƙusoshinmu na ƙarfe ne, gishiri da takin zamani tsatsa su ke sa musu. In buhun ɗayansu ya fashe, nan take a ke kwashewa a ɗauraye wurin.

Shi ya sa mai shara ba ya rabuwa da 'yar wuƙa. Ko ina ya share, sai ya ɗan caka tsininta jikin katako, musamman inda haƙarƙari ya haɗu da bango, da kewayen kan ƙusa. Lafiyayyen maɗaci ba ya karɓar wuƙa. In ta shige kamar cikin dafaffen rogo, ko katakon ya yi baƙi yana warin ƙasa, to, ciwo ya kama. Haka kuma a kan bi layin da katako biyu suka haɗu, inda aka cusa auduga da kwalta, a ga ko ta fara zazzagowa.

Yanzu ga laifina. A hutuna na biyu, cikin watan Agusta, ruwa ya cika, aiki ya yi yawa. Allunan da ke ƙarƙashin gado ba su ɗaguwa sai an jawo akwatin kawu, akwatin kuwa nauyi gare shi kamar dutse. Sai na riƙa share inda ido ke gani, in bar can. Na yi haka wajen mako uku. Ran nan da dare a kwata sauro ya hana mu barci ko cikin gidan sauro, don ya yage. Da gari ya waye kawu bai ce mini kome ba, ya jawo akwati da kansa, ya ɗaga allo. Ga ruwa baƙi ƙirin, tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil a ciki, riɗi har ya tsira. Ya kwalfe, ya sa wuƙa a gindin wani haƙarƙari, ta shige har rabi. Ruɓar ta riga ta daɗe da farawa, ba a mako uku ta yi haka ba, amma da na ɗaga allon da tuni an gani. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gobe mata nawa za su zauna bisa allon nan da goyo?" Na ce, "Kawu, na tuba." Aka sauke lodin da aka riga aka ɗora, aka kira masassaƙi, muka yi kwana 4 ba mu tashi ba, masu doya suna ta faɗa. Kuɗin makarantar da ya yi niyyar cika mini, rabinsa can ya tafi.

Sauron nan ma ba daga kogi ya zo ba, mu muka yi kiwonsa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa biyu, ruwa mai gudu kuwa ba ya yi masa, sai na kwance.

Sau ɗaya a mako, ranar da ba lodi, a ke babban wanki. A fitar da kome da kome zuwa gaɓa, har allunan daɓe, a jingine su a rana. A goge cikin jirgi da buroshi da garin sabulu, a ɗauraye, a kwalfe, a tsane da tsumma, sa'an nan a bar shi a buɗe har la'asar. Shanyar ta fi wankin muhimmanci. Wanda ya wanke ɗaki ya mai da alluna da tabarmi tun wurin na jiƙe, gara ma da bai wanke ba. Inda fumfuna ta yi tabo jikin bango ko tamfol, a kan sa ruwan kulorin, irin na wankin fararen kaya, a tsarma shi da ruwa sosai, a goge, a ɗauraye. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, gama haɗin ya kan ta da iska mai ƙona huhu, balle a ƙuntataccen wuri. Tukwane kuwa toka da yashi sun ishe su, kamar a gida.

Akwai magana biyu game da ruwan wankin. Ta fari, ruwan bakin gaɓa inda ba gudu, wurin ciyayi, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta ke zama. Tsutsar cutar tana fita daga jikinta ta huda fatar mutum, ba sai an sha ruwan ba. Yaran jirgi da ke wuni tsaye cikin irin wannan ruwa su ne ka kan ji suna fitsarin jini, har waɗansu na ɗauka alamar balaga ce, alhali ciwo ne mai magani a asibiti. Tsutsar ba ta daɗewa in ba ta sami mutum ba. Ruwan da aka ɗiba aka ajiye kwana 2 cikin duro ya kuɓuta daga gare ta, ko da ya ke wannan bai mai da shi ruwan sha ba. Ta biyu, ƙazamin ruwan da aka kwalfe, mai sabulu da baƙin mai, ba a zubar da shi a kwata inda mata ke ɗiban ruwa. Man da ya zube a kan tsotse shi da garin katako ko tsumma, a kai tudu.

Ɓera da kyankyaso ba sa biyan kuɗin jirgi, amma ba tafiyar da ba su yi. Warin banda ke kiransu, ta igiyar da aka ɗaure jirgi su ke hawowa. Dā ɓarnar buhu kaɗai a ke ji wa ɓera. Amma bayan 1969, sa'ad da aka gane zazzaɓin Lassa a garin Lassa na ƙasar Borno, an gano akwai irin ɓeran da ke yaɗa cutar ta fitsarinsa da kashinsa in sun taɓa abinci, jihohinmu na bakin Binuwai kuwa suna cikin inda ta kan ɓulla, musamman da rani. Don haka abinci cikin tukunya mai murfi ya ke kwana, ba a barin kwanon tuwo sai da safe. In an ga kashin ɓera, a yayyafa masa ruwan kulorin tukuna a kwashe, kada a share shi a bushe ƙurarsa ta tashi.

Sai maganar mai da wuta, wadda a ganina ita ce mafi hatsari, ita ce kuma aka fi yi wa sakaci. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku ko fiye. A tudu in fetur ya zube, tururin ya kan bazu ya ɓace. Jirgi kuwa kamar akushi ya ke, tururin sai ya gangara ya kwanta ƙarƙashin daɓe yana jira. Wanda ya ƙyasta ashana ko ya hura kurfoti a ɗakin, shi ke nan. Saboda haka jarkar fetur ba ta kwana cikin ɗaki, wurinta waje, a inuwa, bakinta a ɗaure. Kafin a hura wuta da safe sai an ɗaga allo an sunsuna. Hanci ne ma'aunin da kowane ɗan jirgi ke da shi kyauta.

Akwai kuma wadda hanci ba ya ji. Gawayi in yana ci, da inji ko janareta in suna aiki, suna fid da wata iska marar launi marar wari, wadda Turawa ke kira kabon monoksaid. Jini ya fi son ta da iskar da mu ke rayuwa da ita fiye da sau 200, don haka kaɗan ta isa. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sa'an nan barci wanda ba a farkawa. Lokacin hatsarinta hunturu, sa'ad da sanyin kogi ya kan sa mutane su saki tamfol ko ina, su jawo kurfoti kusa da gado. Kawu ya gwammace mu kwana muna rawar ɗari da a kwana da garwashi a ɗaki, ko da tsakiyar sanyi kuwa akwai kusurwar tamfol guda da ba a saki.

Maganar iskar ɗakin jirgi a kogunan nan tsohuwa ce. A 1841 jirage uku na Ingila, Albert da Wilberforce da Soudan, suka hau Kwara har suka isa mahaɗar ruwa ta Lakwaja. A cikinsu akwai Samuel Ajayi Crowther, da J. F. Schön wanda daga baya ya rubuta littattafan nahawun Hausa. A zamanin nan likitocin Turai sun ɗauka mugunyar iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi, saboda haka aka kafa wa jiragen na'urar tace iska kafin ta shiga ɗakuna. Duk da haka zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. A 1854 Dokta Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, har ya wuce inda Ibi ta ke, yana ba mutanensa kwinin kullum, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar sauro ne ke ɗauke da cutar. Mutanen 1841 sun yi kuskuren dalili, amma ni ban ga abin dariya a wurinsu ba. Sun kashe dukiya don iska ta ratsa ɗakin jirgi, mu kuwa naɗe tamfol kaɗai ke gagararmu.

Hunturu yana da wata illa kuma ga jirgin kansa. Katakon da ke sama da ruwa ya kan bushe ya tsuke, layin haɗi ya buɗe. Jirgi na fanko ba za ka san kome ba. Ran da aka yi lodi ya nutsa, layukan nan suka shiga ruwa, sai ka ga yana sha ta ko ina. Mai shara ne zai fara ganewa, gama in ya tsuguna cikin ɗaki da rana zai ga haske na shigowa ta inda dā babu. Nan a ke sake cusa auduga da kwalta. Da damina kuwa ido kan rufi ya ke, wurin ƙusoshin kwano, domin ɗigo ɗaya mai sauka wuri ɗaya kullum ya isa ya ruɓar da katako.

Cikin kayan ɗaki akwai rigunan kariya daga nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja, tana umurtar a sa su, tana kuma hana tafiyar dare. Amma na ga jirage inda aka cusa rigunan ƙarƙashin gado, ko aka mai da su matashin kai, fumfuna ta ci zaren, ɓera ya ci soson. Irin wannan riga ranar bukata igiyarta a hannunka za ta tsinke. A ɗauraye su da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa don zafin rana na cin yadin, a rataye inda hannu zai kai cikin duhu. A watan Mayu 2021 wani jirgi ya tsage a Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi, mutane masu yawa suka halaka, jami'ai kuwa suka ce lodi ya yi masa yawa, ga shi tsoho. Tsintsiya ba ta maganin lodi, wannan na sani. Amma tsufan jirgi ba rana ɗaya ya ke zuwa ba, a ƙarƙashin allo ya ke farawa.

To, 'yan'uwana malaman gobe, wani cikinmu za a tura shi makarantar da ba a isa gare ta sai ta ruwa, wata rana kuma zai shiga jirgi da yara 30 na mutane zuwa jarrabawa ko wasanni. Fentin waje kada ya ruɗe ka. Ka gai da mai jirgi da ladabi, ka roƙi izini ka leƙa ɗakinsa tun ba a yi lodi ba. Ka sunsuna, ka dubi inda jarkar fetur ta ke, ka ƙirga rigunan kariya ka ja igiyar guda biyu ko uku. Sa'an nan ka ce, "Baba, a ɗan ɗaga mini allon nan na ƙarƙashin gado." Wanda ke ɗaga shi kowace safiya ba zai ji haushi ba, da hannu ɗaya ma zai ɗaga. In kuwa allon ya manne sai an sa ƙarfe, ko an kafe shi da ƙusa, ka fito da yaranka ku jira jirgi na gaba, ko da za ku makara.